Abin da Teku Ya Bar wa Sakkwato

Tun da asuba motarmu ta bar Zariya, don a wannan zamani babu direban da ke son magariba ta riske shi tsakanin Funtuwa da Gusau. Da gangan na nemi kujerar gefen taga, saboda duwatsu ne suka fito da ni daga gida. Ni malamin gona ne. Rabin rayuwata na yi ta ina roƙon manoma su sa wa gyaɗa da wake takin supa, su kuma suna amsa mini da cewa kuɗinsa ya fi ƙarfinsu. Wani abokina da muka yi makaranta tare, wanda yanzu yake koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a Sakkwato, ya daɗe yana gaya mini cewa dutsen da ake yin supa da shi yana nan zube a bayan garuruwansu, awaki na tattaka shi. Da aka gama girbi, hunturu ya fara kaɗawa, sai na ce bari in je, gani ya kori ji.

Daga Tsafe har Gusau baƙaƙen duwatsu ne ke raka matafiyi, manya, masu sulɓi, kuma dutsen Kwatarkwashi ya fi su duka tsayawa a rai. Tsofaffin duwatsu ne ƙwarai, kuma a cikin danginsu ne, wajen Anka da Maru, zinare yake kwance cikin jijiyoyin farin dutse. Da muka iso mararrabar Mayanci, inda hanyar Anka ta ɓalle, wani ɗan kasuwa da ke kusa da ni ya nuna ta da haɓa ya ce, "Allah ya jiƙan yaran can." Duk motar aka amsa da amin. Ba wanda ya tambayi waɗanne yara.

A shekarar 2010 ne abin ya fito fili. Zinare ya yi tsada a duniya, mutanen ƙauyukan Anka da Bukkuyum suka duƙufa haƙa. Sai a kawo dutsen cikin gida, a farfasa, a niƙa shi a irin injin da ake niƙa hatsi, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Dutsen nan kuwa cike yake da dalma. Ƙurarsa ta sauka a abinci, ta sauka a ruwa, ta manne a hannun yaro ya kai baki. Yara suka dinga jijjiga suna suma a 'Yargalma da Dareta da Abare da Bagega da wasu ƙauyukan, fiye da 400 suka rasu, dubbai suka kamu. Likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa mai suna MSF na cikin waɗanda suka fara gano bakin zaren, kuma sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zubo sabuwa kafin magani ya yi amfani. Zamfara tana cikin jihar Sakkwato har zuwa 1996, don haka Basakkwace ba ya ɗaukar wannan labari a matsayin na maƙwabta, na cikin gida ne. A 2019 gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara saboda rashin tsaro, ta ɗage hanin a ƙarshen 2024. Duk wanda ya ji an ambaci ma'adini a wannan yanki, zinaren nan yake fara tunawa da abin da ya biyo bayansa. Shi ya sa da na ce wa ɗan kasuwan dutsen taki zan je nema, ya dube ni da kyau ya ce bai taɓa jin mai wannan buƙata ba.

Bayan Talata Mafara baƙaƙen duwatsun suka janye. Ƙasa ta kwanta, ta yi ja-ja, sai jefi-jefi a hango tudu mai shimfiɗaɗɗen kai. Muka wuce Tureta, muka wuce Dange da Shuni, muka shiga birnin Shehu la'asar sakaliya.

Bayan isha abokina ya jawo wani tsohon kwali daga ƙarƙashin gado ya zazzage shi a gabana. Duwatsu ne da ya yi shekaru yana tarawa, kowanne da 'yar takarda ɗaure da zare. Ya ce, "Mutumina, kafin mu fita gobe sai ka gane abu guda, in ba haka ba turɓaya kawai za ka gani." Ya ce ƙasar Sakkwato kamar tabarmi ce da aka jibge ɗaya kan ɗaya, sannan aka ɗan karkata su wajen arewa maso yamma, ta yadda bakin kowace ya leƙo waje. Wanda ya taso daga wajen Zamfara ya nufi yamma, yana tafe yana sauka daga tsohuwar shimfiɗa zuwa wadda ta fi ta ƙuruciya. Masana kuwa da suka zo auna ƙasar sun raɗa wa kowace shimfiɗa sunan garin da suka fi ganinta sarai: Gundumi a ƙasa, sai Taloka, Dukamaje da Wurno, sai Dange da Kalambaina da Gamba, sai Gwandu a can sama. Duk ɗalibin ilimin duwatsu a Nijeriya sai ya haddace waɗannan sunaye kafin ya ci jarrabawa.

Abin da ya shimfiɗa mafi yawansu kuwa teku ne. Teku mara zurfi, mai ɗumi, wanda ya malalo daga arewa ya ratsa inda Sahara take a yau, ya rufe wannan yanki, ya janye, ya sake dawowa. Taloka da Dukamaje da Wurno sun kwanta wajen shekara miliyan 70 da suka wuce, Dange da Kalambaina wajen miliyan 60. Kwarin da ya tara su bai san iyakar Illela ba, ya miƙe cikin Nijar da Mali, masana suna kiransa Iullemmeden, Sakkwato gefensa ne na kudu maso gabas. Na ɗauki wani dutse fari daga cikin kwalin, na juya shi a hasken fitila, sai ga siffar dodon koɗi a jikinsa, murɗinsa bai ɓace ba ko kaɗan. Na ce subhanallahi. A garin da zafin bazara ke haura digiri 40, inda ake sayen ruwa a jarka.

Washegari muka hau babur ɗinsa muka koma hanyar da na biyo, zuwa ƙasar Dange. Muka bar kwalta muka bi wata burtali tsakanin gonakin da aka yanke gero, har zuwa wani kwazazzabo da ruwan damina ya tsaga. A nan na ga shimfiɗar da idona. Laka ce busasshiya, toka-toka da ratsin rawaya, tana ɓantarewa falle-falle da an taɓa ta. A tsakankaninta akwai wasu siraran layuka masu ƙyalli. Abokina ya zaro ɗaya da wuƙa ya miƙo mini. Fari ne garai-garai, haske na ratsa shi, an yi shi da zare-zare a tsaye, kuma da na ja farce a kansa sai ya yi zane. Jibsam ke nan. Ya ce duk dutsen da farce ya karta haka a wannan wuri, shi ne. Ƙasa da wurin kaɗan kuma, inda ruwa ya wanke lakar, ga wasu dunƙulalle a warwatse, wasu ba su fi gujiya ba, wasu sun cika tafin hannu, fari-fari da duhun ƙasa, masu gurmatsi. Na ɗauki ɗaya na ji ya fi girmansa nauyi. Na daɗe riƙe da shi. Shi ne fosfet, dutsen da ake yin supa da shi, wanda na baro Zariya dominsa.

Muna nan tsugune sai ga wani dattijo ya gangaro da jaki, da diga a kafaɗa, yara biyu na biye da shi ɗauke da kwanon sarki da buhunan da aka zazzage taki. Muka miƙe muka gaishe shi.

"Sannunku da rana. Mi kuka biɗa cikin wanga rami?"

Na ce, "Baba, baƙo ne ni daga Zariya. Dutsen nan na zo gani."

Ya yi murmushi ya sauke digarsa. "Ga shi nan kau, Allah ya yi shi da yawa. In munka ƙare aikin gona shi muka yi. Mu gina, ɗiya su tsince, mu tara bakin hanya, mai mota shi zo shi auna shi kwashe."

"Ina ake kai shi, Baba?"

"Mai ƙyallin dai an ce na siminti na. Wanga mai nauyi, ɗana, ba a hwaɗa muna ba."

Na ce masa da shi ake yin supa. Ya dubi dunƙulen da ke hannuna, ya dubi buhun da ɗansa ke riƙe da shi, wanda har yanzu rubutun kamfanin taki bai goge a jikinsa ba. Ya ce bana bai iya sayen ko rabin buhu ba, da tiya ya auna. Bai ƙara komai a kai ba, ni kuwa maganar ta tsaya mini a wuya har yau.

Ƙaramin yaron ya zura hannu a aljihu ya fito da wani abu ya nuna wa abokina, don sun saba ganinsa a wurin. Haƙori ne, baƙi, mai tsini, santsinsa na nan, gefensa har yanzu yana da kaifi. Haƙorin kifin shak ne. Dattijon ya ce tun suna yara suke tsintar irinsa, da ƙasusuwa, da bawon katantanwa. "Kakanninmu sun ce ruwan Ɗuhwana na ya bar su." Abokina bai yi masa gardama ba, ya ce, "Baba, ruwa dai tabbas ya rufe nan, kuma Wanda ya kawo shi Shi ya janye shi." Dattijon ya ce, "Wanga gaskiya na, Malam." Na ji daɗin yadda suka rabu a kan wannan. Fosfet ɗin ma daga rayuwar tekun nan ya taru, daga ƙasusuwan kifi da haƙoransu da bayan gidansu da suka nutse cikin laka suka dunƙule a tsawon zamani.

A nan zan ɗan tsaya, don nan ne abin ya shafi aikina. Ƙasar noma a arewacin Nijeriya tana da ƙarancin sinadarin fosfaras, wanda ake samu a dutsen fosfet, wannan duk malamin gona ya sani. Shi ke sa saiwa ta kama, shi ke sa gyaɗa ta cika kwanso, wake ya yi 'ya'ya. Manomi yana iya zuba yuriya gona ta yi kore shar, amma in babu fosfaras a zo girbi a ga wayam. Shi ne dalilin supa, shi ne kuma ɗaya daga cikin abubuwa uku da ke cikin takin kamfa. To kamfanin supa da gwamnatin tarayya ta kafa a Kaduna a shekarun 1970 daga Togo yake shigo da dutsensa. A ƙarshen 2016 kuma aka ƙulla yarjejeniya da Maroko, ƙasar da ta fi kowace tarin fosfet a duniya, don a riƙa kawo shi ta jirgin ruwa ana haɗa taki a nan gida. Daga tashar Legas a ɗora shi a mota ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 kafin ya iso ƙasar da dattijon nan yake tsintar ɗan'uwansa da hannu.

Ba zan ce abin mai sauƙi ne ba, don na san ba haka yake ba. Fosfet ɗin Sakkwato yana da ƙarfi, sinadarin da ake nema ya kai kusan kashi ɗaya bisa uku na nauyinsa, amma a warwatse yake cikin laka, dunƙule nan dunƙule can, ba shimfiɗa ce mai kauri da katafila za ta yi ta kwasa ba. Hannun mutum ya fi dacewa da shi. Sannan ɗanyen dutsen ba ya narkewa da wuri. A masana'anta sai an niƙa shi an jiƙa da asid irin na ruwan batir kafin ya zama supa da tsiro zai sha nan take. Amma akwai hanya ta biyu, kuma an gwada ta a jami'o'inmu da cibiyoyin binciken noma: a niƙa shi ya yi laushi ƙwarai a zuba a gona. Yana aiki a hankali, ya fi yi a ƙasa mai tsami, ya fi yi in an cakuɗa shi da takin gida tun yana ruɓa, kuma amfaninsa na kaiwa damina ta gaba da ta gaba. A Tawa ta Nijar da kwarin Tilemsi na Mali, waɗanda duk wannan tekun ne ya bar musu nasu, an yi aiki da shi ta wannan hanya. Injin niƙa mai ƙarfi, rariya, buhu, da malamin gona da zai zauna da mutane ya nuna musu a gonar gwaji, abin da ake buƙata ke nan don a fara. Ina ganin wannan bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma guda ba, balle jiha. Sai dai a kiyaye da ƙura, a niƙa a bayan gari, da ƙyalle a hanci. Abin da ya faru a Anka ya isa ya hana kowa niƙa dutse kusa da tukunya.

Muka sha fura a bakin kasuwar Dange muka juyo.

Kalambaina tana yamma da birni, cikin ƙaramar hukumar Wamakko, kuma tun kafin a iso ta ake gamuwa da jerin tireloli. A nan dutsen ya samu masu daraja shi. A 1962, zamanin Sardauna, aka kafa kamfanin siminti na Arewa, ya fara aiki a 1967 da ƙarfin tan 100,000 a shekara. A 1985 aka ƙara sabon layi mai tan 500,000. Yanzu yana hannun BUA, wanda ya buɗe layi mai tan miliyan 1.5 a 2018, da wani mai tan miliyan 3 a watan Janairun 2022. Muka tsaya daga nesa inda ake hango ramin da ake fasa dutsen, fari fat a cikin rana har yana kashe ido, motocin da ke cikinsa sun zama ƙanana. Abokina ya bayyana mini aikin a taƙaice. A farfasa farin dutsen, a haɗa da yumɓu, a niƙa, a tura cikin wata doguwar tanda mai juyawa da zafinta ke kaiwa digiri 1,450, ya fito curi-curi, shi ne kilinka. Sai a sake niƙa shi da ɗan jibsam kaɗan, abin da bai wuce kashi 5 cikin 100 ba. Ba don wannan ɗan kaɗan ɗin ba, da siminti ya daskare a kan shebur kafin magini ya kai shi bango. Sai na tuna yaran da na baro a kwazazzabo, ashe suna da hannu a kowane bulo da aka ɗora daga nan har Kebbi da Zamfara. A ƙetaren iyaka ma, a Malbaza kusa da Birnin Ƙonni, irin wannan dutsen ne Nijar ke ƙonawa tana yin nata simintin.

Farin dutsen Kalambaina bawon halittun teku ne da suka taru suka manne, shi ya sa da wuya a fasa babban gutsure ba a ga katantanwa ko dodon koɗi a ciki ba. Kuma yana da wani aikin da ba a lissafa shi da tan. Ruwan sama na ratsa shi ya ci ramuka a cikinsa ya zauna, rijiyoyi da yawa a kewayen birni daga gare shi suke sha, haka idanun ruwan da ke ciyar da tafkin Kware. Matar abokina ta nuna mini cikin butar shayinsu, farin ɓawo ya lulluɓe gindinta, ta ce sabulu ma ba ya kumfa da ruwan rijiyarsu sai an yi da gaske. Dutsen ne ke narkewa a cikinsa.

Da yamma na shiga babbar kasuwa ni kaɗai, na nemi layin masu kanwa. Nan ma kasuwar ma'adini ce, wadda ta girmi siminti da ɗaruruwan shekaru. Wani Alhaji ya shimfiɗa kayansa a faifai da ƙorai: ungurnu, jar kanwa, gishirin balma da raƙuma suka saba ɗaukowa daga Bilma, farar wuta mai rawaya, alif, da wasu gutsattsari masu nauyi, launin toka mai walƙiya, da ke fashewa murabba'i-murabba'i. Kwalli ne tun ba a daka shi ba. Na ɗaga ɗaya na ce, "Alhaji, ka san mahaifiyar dalma ke nan?" Ya ce ya sani, ai maƙera na narka shi. Na ce abin da ya kashe yaran Anka ɗan gidansu ne, kuma likitoci suna gargaɗi a daina ranbaɗa wa jarirai, don yaro na murza ido ya tsotsi hannu. Ya yi jim, sannan ya ce, "Malam, uwayenmu sun sa muna, mun sa ma ɗiyanmu." Na ce haka ne, ni ma an sa mini, amma abin da aka gano an gano shi. Bai ce ya yarda ba, bai kuma ji haushi ba. Ya ce zai gaya wa uwargida saboda jikarsu da aka haifa kwanan nan. Na sayi kanwa muka yi sallama. Irin wannan dutse ana haƙo shi a Zurak ta jihar Filato da wajen Abakaliki, ya yi doguwar tafiya kafin ya iso idon jaririn Sakkwato.

Wurno muka je daga ƙarshe, da sassafe, da niyyar mu juyo kafin la'asar. Garin yana kan tudu yana kallon fadamar Rima, wadda ta yi kore da albasa da tafarnuwa. Nan ne ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, nan aka binne shi a 1837, muka fara da ziyara muka yi addu'a. Daga nan muka hau gefen tudun. Samansa marmara ce ja mai duhu, mai nauyin ƙarfe, ita ce ta hana ruwa cinye tuddan yankin, kuma irinta maƙeran zamanin da suke zaɓa su narka su fitar da ƙarfe. Ƙarƙashinta yashi ne mai laushi da laka, shimfiɗar da ta ɗauki sunan garin.

Abokina ya miƙa hannu wajen arewa maso gabas, inda hazo ya rufe. Can ne Goronyo da Taloka, can gaba kuma Dukamaje da Gilbadi a ƙasar Gada. Ya ce shekarun baya yakan je da ɗalibai, yanzu kuwa ba mai ɗaukar 'ya'yan mutane ya bi waɗannan hanyoyi, mu ma mutanen gari sun ba mu shawara mu tsaya iya nan, muka bi shawararsu. Na ga abin yana cin ransa, don a can ne shimfiɗar ƙasusuwa take. A 1930 wani masani ɗan Ingila mai suna Swinton ya yi bayanin wasu ƙasusuwa da aka kai Landan daga wannan yanki, na wani ƙaton ƙadangaren ruwa mai cin nama da ya rayu a ƙarshen zamanin dabbobin dinoso. Daga baya masana daga jami'ar Filorens ta Italiya suka zo suka haƙo ƙoƙon kansa, dogon baki cike da haƙora, suka ga ya bambanta da duk danginsa da aka sani, a 1972 suka sa masa suna Goronyosaurus nigeriensis. A 1975 aka bayyana wani kada na wannan teku da sunan Sokotosuchus. An samu kunkuru, an samu kifaye iri-iri. Ƙoƙon kan nan yana Italiya, ƙasusuwan farko suna Landan, yaron Goronyo kuwa yana iya gama sakandare bai taɓa jin cewa akwai dabbar da duniya ke kira da sunan garinsu ba.

Wannan ya dame ni kusan yadda maganar taki ta dame ni, kuma a ganina tushensu ɗaya. Mutumin da bai san abin da ke hannunsa ba, yadda mai mota ya auna haka zai karɓa. Sakkwato gari ne na ilimi, Shehu da Abdullahi da Bello sun bar littattafai masu yawa, a gidan tarihi na Waziri Junaidu ana adana takardu da kayan daula da kyau. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na nan tun 1975, tana da masu karantar da ilimin duwatsu. Ɗaki guda ya isa, da akwatunan gilashi, a jera jibsam da fosfet da farin dutse da marmara da haƙoran kifi, a rubuta bayaninsu da Hausa, da boko da ajami, yadda dattijon Dange zai shigo da jikansa ya karanta da kansa.

A hanyar dawowa muka tsaya Acida muka yi azahar. Abokina ya ce Dange dai tana kusa kuma hanyarta na biyuwa, abin da ke hana shi kai 'yan aji uku kuɗin mota ne kawai. Muka zauna a inuwar masallaci muka yi lissafin bas biyu da ruwan sha, na ɗauki nauyin ɗaya, ya ce zai nemi ɗayar wajen iyayen yara, a yi fitar kafin zafi ya shigo. Ni kuma na roƙe shi ya koma wurin dattijon ya saya mini buhu biyu na dunƙulallen a farashin da dattijon ya faɗa da bakinsa, ya ɗoro mini a motar Zariya. Akwai mai injin fasa dutse a hanyar Samaru da ya yarda zai niƙa mini, kuma manoma biyu a ƙauyen da nake aiki sun ba ni kadada rabi-rabi ta gyaɗa don damina mai zuwa, gefe da supa, gefe da garin Dange cakuɗe da takin shanu.